Ƙotar katako ko ta roba: wacce ta fi dacewa da bindigar farauta?

Sabon Maharbi ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu da sauran abokan farauta. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan harka, a kan wani al'amari da na kasa yanke hukunci a kansa tsawon watanni. Shekara uku ke nan da na sami lasisi, kuma tun daga lokacin nake fita da bindiga guda ɗaya mai cin harsashin .308 Winchester, wadda na saya a hannun wani dattijo da ƙarfinsa ya ja baya ya ajiye farauta. Ƙotarta ta katako ce. Idan na ce ƙota, ina nufin dukkan icen da ƙarfen bindigar yake kwance a cikinsa, tun daga gindin da ake jinginawa a kafaɗa, zuwa wuyan da hannu ke kamawa a bayan kunama, har zuwa goshin da ke ƙarƙashin bututu, inda ɗaya hannun yake tallafewa.

Ga abin da ya dame ni. Na saita madubin hangen bindigar da rani a nisan mita 100, harsasai uku suna faɗawa kusa da juna a tsakiyar abin bara. Da damina ta yi nisa na koma na gwada, sai na tarar harsasan suna nan a haɗe kamar da, amma duk sun hau sama sun kuma karkata hagu da kusan santimita 7. Na sake saitawa. Da iska ta bushe, sai suka gangara ƙasa suka koma dama, na sake bin su da saiti. Ban canza irin harsashin da nake saye ba, ban kwance madubin ba, bindigar kuma ba ta taɓa faɗuwa daga hannuna ba.

Wani abokina ya ce laifin katakon ne, kuma zamanin katako ya wuce, don haka in cire shi in sa ƙotar roba, ko kuwa in sayar da bindigar gaba ɗaya in sayi sabuwa mai roba. Gaskiya zuciyata ba ta kwanta da rabuwa da wannan ƙota ba, domin tana zama mini daidai a kafaɗa, kuma zanen icen yana da kyau ƙwarai. Amma abin da na fi tsoro shi ne in harbi dabba a inda ban nufa ba, ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale a wurin da ba zan same ta ba. Idan katako ne zai jawo mini wannan, to kyansa ba zai hana ni ajiye shi ba. Ina kuma yin doguwar tafiya a ƙasa, wani lokaci yini guda, saboda haka nauyi ma abin dubawa ne a wurina. Don Allah mene ne gaskiyar bambancin da ke tsakaninsu, kuma wanne za ku zaɓa da kuna matsayina?

Mai Gyaran Bindiga ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya gano cutar, sai dai maganin da ya rubuta maka ya fi ƙarfinta. Na daɗe ina kwance bindigogi ina ɗaurawa, kuma irin wannan ƙorafi naka yakan zo mini ne duk lokacin da yanayi ya juya.

Ice ko an sare shi, an busar da shi, an sassaƙa, ba ya daina shan laimar iska yana mayar da ita. Idan laimar iska tana wajen kashi 30 cikin ɗari, katako yakan tsaya da ruwa kusan kashi 6 cikin ɗari na nauyinsa, idan kuwa ta kai kashi 80, ruwan da ke cikinsa yakan kai kusan kashi 16. Da a ce kumburin da wannan ruwa ke jawowa daidai yake ta kowane gefe, da abin ya zo da sauƙi, amma ba haka yake ba. A tsawonsa katako kusan ba ya motsi, a faɗinsa ne yake kumbura, kuma ko a faɗin ma, gefen da ya bi zagayen zoben shekarun icen ya fi motsi a kan gefen da ya ratsa zoben. Baƙin wolnot na Amurka, wanda aka fi yin ƙota da shi, yana tsukewa da kusan kashi 7.8 cikin ɗari ta gefen farko da kashi 5.5 ta gefe na biyu, daga ɗanye zuwa busasshe ƙaƙas. Wannan rashin daidaito ne yake sa dogon goshin ƙota ya ɗan lanƙwashe, ya tokare bututu daga ƙasa ko daga gefe.

Kada ka raina wannan tokarewa don ido ba ya ganinta. Ɗauki bututu mai tsawon santimita 60. Idan aka ture bakinsa da kashi uku cikin goma na milimita kawai, wato kaurin takarda uku ko makamancin haka, layin da yake nunawa zai kauce da kusan santimita 5 a nisan mita 100, da santimita 15 a nisan mita 300. Ban da wannan kuma, bututu yana kaɗawa a lokacin da harsashi ke ratsa shi, kuma duk abin da ya taɓa shi yana canza yadda yake kaɗawar. Yadda ka ce harsasanka suna nan a haɗe amma gaba ɗayansu sun ƙaura, shi ne ya nuna mini cewa bututunka lafiyarsa ƙalau, abin da ke riƙe da shi ne yake motsi.

Kafin ka kashe ko sisi, yi wannan gwaji. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka zare sakatar bindigar, sa'an nan ka zagaya bututun da siririyar takarda daga ƙasa, ka ja ta daga baki zuwa inda bututun ya haɗu da gidan sakata. Idan ta wuce sumul, bututun a sake yake. Idan ta maƙale, ka lura da wurin da kuma gefen da ta maƙale, ka zo ka gaya mana.

Ba zan ɓoye maka ba, a kan batun jure ruwa roba ta yi wa katako nisa, kuma tarihi ya tabbatar da haka. A 1966 rundunar sojan kundumbala ta ruwan Amurka ta ɗauki bindigar M40, wadda aka gina a kan bindigar Remington 700, da ƙotar katako. Zafi da laimar Biyetnam, inda aka yi yaƙi da ita, suka riƙa karkatar da katakon har saiti ya daina tsayawa, shi ya sa a shekarun 1970 da aka sabunta ta zuwa M40A1 aka sa mata ƙotar zaren gilashi ta kamfanin McMillan. Kamfanin Steyr na Ostiriya ma ya fito da bindigar SSG 69 da ƙotar roba tun 1969. Waɗannan mutane daidaiton harbi suke nema, ba ado ba.

Amma a nan ne nake so ka buɗe kunne, domin kalmar roba ta haɗe abubuwa biyu da ba su yi kama da juna ba. Na farko ita ce wadda ake narka roba a tura ta cikin mazubi, cikin ɗan lokaci ƙota ta fito. Ita ce a jikin yawancin sababbin bindigogi masu araha. Ba ta shan ruwa, gaskiya ne, amma da yawa daga cikinsu goshinsu yana da laushi, har za ka iya matse shi da yatsu ya taɓa bututu. Ka ɗora irin wannan a kan dutse ko a kan ƙafafun nan biyu da ake maƙala wa bindiga, ko ka ja maratayi da ƙarfi ka naɗe a hannu, sai robar ta lanƙwasa ta tokare bututun, kuma idan rana ta gasa ta laushin yana ƙaruwa. Ka ga ke nan an gudu ba a tsira ba, domin katako sau biyu yake motsi a shekara, ita kuwa wannan tana iya motsi tsakanin harbi da harbi. Ta biyu ita ce wadda ake shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi ko zaren kabon falle a kan falle, a jiƙa da gam mai ƙarfi, a cika cikinta da abu marar nauyi. Wasu, kamar na kamfanin H-S Precision, har da ginshiƙin alminiyom a ciki wanda gidan sakata ke zama a kansa. Irin wannan a sandare take kamar ƙarfe, ba ta damu da rani ko damina ba, kuma ita ake nufi idan ana yabon roba. Tsadarta kuwa takan kusanci ta bindigar kanta.

Akwai ta uku da ta tsaya a tsakiya, wato katakon da ake yankawa falle-falle a manne da gam a matse shi. Jamusawa sun koma yin ƙotar bindigar sojansu Karabiner 98k da shi tun ƙarshen shekarun 1930, domin ya fi jure karkacewa kuma ba ya buƙatar a jira shekaru ice ya bushe. Aibinsa nauyi, kai kuma ka ce kana doguwar tafiya.

Ra'ayina shi ne, abin da ke sa bindiga ta riƙe saiti ba sunan abin da aka yi ƙotar da shi ba ne, yadda ƙarfen ya zauna a cikinta ne. Katakon da aka buɗe wa bututu hanya, aka yi wa gidan sakata gado da gam ɗin efoksi, aka toshe duk inda ruwa zai shiga, ya fi robar mazubi mai laushi riƙe saiti nesa ba kusa ba.

Dattijon Daji ya amsa:

Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka sa tausayin dabba a gaba da son kayanka. Wanda ya fara tambaya daga nan, ko wace ƙota ya ɗauka zai zama maharbin kirki.

Malam Mai Gyara ya yi bayanin da ba ni da abin ragewa a cikinsa, sai dai zan tsaya wa katako, domin na tsufa da shi a kafaɗa, kuma na ga ana ɗora masa laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Yawancin ƙotocin da ke karkacewa an cuce su ne tun daga tushe, ko dai an sassaƙa su kafin icen ya gama bushewa, ko kuwa an yanko gungumen ba tare da an duba yadda jijiyarsa ta kwanta ba. Masassaƙa suna cewa kowane inci ɗaya na kauri yana son shekara guda a inuwa kafin ya bushe, masu yin ƙota ta ƙwarai kuwa sukan ajiye gungume shekaru fiye da haka kafin su taɓa shi. Idan za ka duba ƙota, kada kyan zanen gindinta ya ɗauke maka hankali. Duba wuyanta da goshinta. Ana so jijiyar icen ta bi lanƙwasar wuya ba tare da ta yanke shi a karkace ba, domin nan ne ƙota ta fi siranta kuma nan take karyewa, sa'an nan ta miƙe sak a cikin goshi. Zane mai murɗe-murɗe wurinsa gindi, inda ba ya cutar da kowa.

Ba banza aka zaɓi wolnot ba cikin dukan itatuwa. Yana da ƙarfi ba tare da nauyi mai yawa ba, ba ya saurin tsagewa idan bindiga ta yi shuri, yana karɓar sassaƙa da zanen da ake tsagawa don hannu ya kama, kuma motsinsa bai kai na wasu itatuwan ba. Wanda ake kira na Turkiyya, da na Faransa, da na Ingila, duk jinsi ɗaya ne, ƙasar da ya tsiro a cikinta ce ta bambanta su. Baƙin wolnot na Amurka jinsinsa dabam. Ƙananan bindigogi masu araha sau da yawa da icen bic ake yi musu ƙota, a rina shi ya yi kama da wolnot, kuma wannan ya fi saurin kumbura. Yana da kyau ka san wanne ne a hannunka.

Abin da ya sa ban rabu da katako ba, na farko shi ne shiru. Reshe ya bugi katako, ƙarar a danne take, ba ta tafiya nesa. Reshe ya bugi ƙotar roba mai rami a ciki, sai ta amsa kamar ganga, dabbar da ka yi awa biyu kana laɓaɓawa kana binta ta ɗaga kai ta tafi. Na biyu shi ne gyaruwa. Idan katako ya lotsa, ka ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a wurin ka danna da dutsen guga mai zafi, tururi zai tayar da lotsawar muddin jijiyar ba ta yanke ba. Idan ya kanƙare, ka goge ka shafa man linsid, ya koma kamar ba a yi ba. Idan ya yi maka tsawo a rage, idan ya gaza a ƙara, gwanaye ma har lanƙwasa wuyansa suke yi da mai mai zafi don ya dace da fuskar mai shi. Yawancin ƙotocin masana'anta tsawonsu daga kunama zuwa ƙarshen gindi wajen santimita 34 ne, alhali ba hannun kowa ne ya yi daidai da wannan ba. Kai ka ce taka tana zama maka daidai a kafaɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙotar da idan ka ɗaga ta idonka ya faɗa cikin madubi kai tsaye ba tare da ka nemi wuri ba, ta fi maka amfani a daji a kan wadda ba ta shan ruwa amma sai ka ɗaga kumatu kana lalube.

Game da nauyi kuma, ka yi hattara da abin da kake roƙo. Harsashi ɗaya, idan aka harba shi daga bindiga mai kilo 3, ƙarfin shurin da kafaɗa za ta sha ya fi na mai kilo 4 da kashi ɗaya cikin uku. Mutum ya saba da shan duka, sai ya fara runtse ido yana fizgar kunama tun kafin harsashi ya tashi, kuma wannan ɗabi'a ta raunata dabbobi fiye da duk katakon da ya taɓa kumbura.

Wuri ɗaya zan saɓa da Malam Mai Gyara. Ba kowane bututu ne yake son a sake shi gaba ɗaya ba. Wasu masana'antu da gangan suke barin ɗan tudu a ƙarshen goshi yana tallafe siririn bututu daga ƙasa, kuma na taɓa goge irin wannan tudu a wata bindigata, harsasan da suke haɗuwa suka warwatse, sai da na mayar da shi. Saboda haka kada ka ɗauki samfefa da gaggawa.

Sa'an nan idan za ka ajiye bindiga bayan ka shafa mata mai, ka kifa bakinta ƙasa. Man da ke gangarowa daga gidan sakata yana jiƙa icen wuya shekara da shekaru har ya yi baƙi ya yi laushi, daga nan tsagewa take farawa.

Ɗan Tsauni ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa game da ƙarar roba gaskiya ne, kuma na sha fama da shi kafin in cire takalmin gindin ƙotata in cusa soso a cikin ramin, wanda ya rage ƙarar ƙwarai. Amma ina so mai tambaya ya ji ɗaya ɓangaren daga bakin wanda ya bar katako da gangan.

Irin farautar da nake yi takan kai ni kwana biyar ko shida a waje, ruwa yana dukana safe da yamma, babu ɗakin da zan shiga in kwance bindiga in shanya. A irin wannan hali, duk kulawar da Baba ya lissafa ba ta samuwa. Katakon da aka toshe da kyau yana jinkirta shigar ruwa ne, ba ya hana shi har abada, musamman ta ƙarshen gindi da ramukan notuna inda bakin jijiyar icen yake a buɗe. Tun da na koma ƙotar zaren gilashi, saitin da na yi a farkon shekara shi nake tararwa a ƙarshenta, kuma idan na zame a kan dutse bindigar ta bugu, hankalina yana kan madubi ne kawai, ba na tunanin wuyan ƙota. Wannan kwanciyar hankali ita na saya.

Masu cewa roba ba ta da ƙarko su tuna da Nylon 66 da kamfanin Remington ya fitar a 1959, mai cin ƙaramin harsashin .22, wadda aka yi ƙotarta da nailan na kamfanin DuPont. An ƙera fiye da miliyan ɗaya kafin a daina a 1989, kuma har yau da yawansu suna aiki.

Sai dai akwai tarko guda da masu roba ke faɗawa, ni ma na faɗa. Da yake ƙotar ba ta nuna alamar jiƙa, sai mutum ya goge saman bindiga ya ajiye, alhali ruwa yana kwance tsakanin robar da ƙarfe. Ranar da na kwance tawa bayan wata doguwar fita, ƙasan bututun ya yi ja da tsatsa. Roba ta kare kanta ne kawai, ba ta kare ƙarfe ba. Haka kuma maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana cin wasu robobi da fentin da ke kansu, saboda haka a wanke hannu kafin a kama bindiga. A lokacin tsananin sanyi tana da sanyi a kumatu, baƙar kuma tana ɗaukar zafi idan ta daɗe a rana.

A kan nauyi, kada ɗan'uwa ya ɗauka duk roba ce marar nauyi. Da yawa daga cikin na mazubi nauyinsu ɗaya da na wolnot, wato kusan kilo guda. Ta zaren kabon ce take sauka ƙasa da haka sosai, kuma ita ce mafi tsada. Tambayar da zan yi maka ita ce, kana kwana a daji cikin ruwa, ko kuwa kullum kana dawowa gida da yamma? Idan kana dawowa, ban ga dalilin da zai raba ka da katakonka ba.

Sabon Maharbi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Malam Mai Gyara, na yi gwajin takardar. Ta shiga daga baki da ƙyar, ta maƙale kamar yatsu uku daga ƙarshen goshi, kuma ta gefen dama ne ta fi matsewa, gefen hagu akwai sarari har ina hango haske. Da na kwance notuna biyun na ɗaga ƙarfen, sai na ga cikin ramin bututun farin ice ne tsirara, ko ɗigon mai ko banish bai taɓa shi ba, kuma a gefen dama akwai wani wuri da ya yi sheƙi saboda gugar ƙarfe. Na kuma lura notin gaba bai ɗauru sosai ba, da ɗan juyi kaɗan ya kwance. Baba, ban ga wani tudu da aka bari da gangan a tsakiya ba, gugar a gefe ɗaya take. Amsar tambayar Ɗan Tsauni kuwa, ba na kwana a daji, ina dawowa gida duk ranar da na fita. Yanzu me ya kamata in fara yi?

Mai Gyaran Bindiga ya sake amsawa:

Madalla, abin da ka gani ya yi daidai da abin da harsasanka suka faɗa. Ice yana tura bututu daga dama da ƙasa, harsashi yana tafiya hagu da sama. Gargaɗin Baba yana kan hanya, ni ma na ga siraran bututun da suka fi son a tallafe su, amma tudun da masana'anta ke bari a ƙasa yake, a tsakiya, yana ɗaukar bututun daidai ta kowane gefe. Guga a gefe guda karkacewa ce, ba tsari ba.

Ka fara da notin, domin shi kaɗai ma yana iya kawo rabin matsalar. Idan ice ya bushe yakan tsuke a ƙarƙashin kan noti har ɗaurin ya saki, idan ya kumbura kuma ɗaurin ya tsananta, ka ga ke nan gidan sakata yana zama iri biyu a shekara. Ka nemi ma'aunin ɗaurin da masana'antar bindigarka ta ƙayyade, ka ɗaure da shi, kada ka danne da iyakar ƙarfinka don icen zai murƙushe.

Daga nan ka sami sanda mai zagaye wadda kaurinta ya kusanci na bututun, ka naɗe ta da samfefa, ka riƙa goge ramin a hankali, kana mayar da ƙarfen kana ɗaurewa kana gwadawa, har sai takarda mai ninki uku ko huɗu ta wuce ba tare da ta taɓa ko'ina ba. Lokacin da icen yake a kumbure ne ya fi dacewa da wannan aiki, domin sararin da ka buɗe a mafi munin halinsa zai ishe ka duk shekara. Kada ka taɓa inda gidan sakata yake zama, ko ramin da haƙorin da ke tare shuri yake shiga. Bayan haka ka bar ƙotar ita kaɗai a ɗaki mai iska, nesa da rana da wuta, ta yi mako biyu ko uku ta rage ruwan da ta sha, don kada ka kulle laima a ciki. Sa'an nan ka shafe ramin da banish mai jure ruwa ko siririn efoksi sau uku, kana barin kowane shafi ya bushe. Man linsid yana ƙawata waje, amma ba ya tare laima sosai, don haka kada ka dogara da shi a ciki. Ka cire takalmin gindi ka shafe ƙarshen icen, ka bi ramukan notuna da na maratayi da ƙaramin buroshi.

Idan ka mayar ka saita, ka rubuta ranar da inda harsasan suka faɗa, ka ajiye takardar barar. Ka sake gwadawa idan yanayi ya juya. Idan haɗuwar harsasan ta lalace bayan sakin bututun, ka sa ɗan kwali a ƙarƙashinsa a ƙarshen goshi ka harba, in sun dawo sun haɗu to bututunka irin wanda Baba ya faɗa ne, sai a gina masa tudu da efoksi. Idan kuwa suna haɗe amma har yanzu suna ƙaura fiye da santimita 2 ko 3 a mita 100, ka kai wa mai gyara ya dasa ginshiƙan alminiyom a ramukan notunan ya zuba gadon efoksi, yadda ƙarfe zai ɗauru a kan ƙarfe, ice ya daina shiga tsakani. Sai idan wannan ma ya gaza, wato icen ya ci gaba da murɗewa har ya cinye sararin da ka buɗe, sa'an nan zan ce ka nemi ƙotar zaren gilashi, ka naɗe ta katakon ka adana. A tsakanin yanzu da lokacin, kada ka fita farauta ba tare da ka harba uku a takarda a makon da za ka fita ba.